Shekara 12 ban je konfesho ba, ta ina zan fara?

Maman_Rifkatu ta rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Dan Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, na daɗe ina son in yi tambayar nan amma sai in rubuta in goge.

Ni 'yar Katolika ce tun haihuwa, a Kaduna nake zama yanzu wajen Sabon Tasha, kuma rabona da konfesho, wato furta zunubi a gaban Fada, tun 2013. Ba wai na daina zuwa coci bane, a'a, kowace Lahadi ina zuwa Mas, har waƙa nake yi a Zumunta, amma idan lokacin karɓan komuniyon ya yi sai in zauna in sunkuyar da kai kaman ina addu'a har layi ya ƙare. Mutane da yawa suna zaton ko ba a ɗaura mana aure a coci bane, to an ɗaura, matsalar ba nan take ba. Akwai wani abu da na yi a waccan shekarar wanda ba zan iya rubuta shi a nan ba, ko mijina bai sani ba, kuma tun daga lokacin duk sanda na ga Fada ya rataya ɗan gyalen nan mai ruwan shunayya ya zauna ana layi sai gabana ya faɗi in bi ta wata ƙofa.

Abin da ya tayar min da maganar shine yarinyata. Shekararta 9, tana ajin katikisma, za su yi konfeshonsu na farko kafin Ista. Shekaranjiya da dare tana haddace addu'ar tuba sai ta ɗago kai ta ce min, Mama ke yaushe kika je naki? Ban iya ce mata komai ba, na ce ta je ta kwanta dare ya yi. Ranan ban yi barci ba sam.

Tsorona guda biyu ne ko in ce uku. Fadan cocinmu ya san ni farin sani, ya sha cin tuwo a gidanmu, shi ya yi wa ƙaramin ɗana baftisma, ko da labule a tsakani muryata kaɗai ta isa ya gane ni, to da wane ido zan kalle shi ran Lahadi? Sannan ina tsoron ya yi min faɗa ko ya ce wannan ya fi ƙarfinsa sai na je wajen Bishop. Kuma gaskiya na manta yadda ake yi, da Hausa na koya a ƙauyenmu tun ina yarinya, nan kuma yawanci da turanci ake yi, ni kuma abu mai nauyi irin wannan ba na jin zai fito min da turanci.

Wanda ya taɓa daɗewa haka ya koma, dan Allah ya gaya min yaya ya yi.

Baba_Katikis ya rubuta:

'Yata, sannu. Allah ya albarkaci yarinyar nan da ta yi miki tambaya.

Na yi aikin katikis shekaru masu yawa a ƙauyuka wajen Malumfashi da Kafur, inda Fada ba ya zuwa sai bayan sati huɗu ko shida a kan babur, kuma ni nake tara mutane in shirya su kafin ya iso. Irin tsoron da kike faɗa na gan shi a fuskar manya masu furfura. Hausawa suka ce tsoro na daji kunya na gida, naki ba tsoro bane sosai, kunya ce, kuma kunyar ce take hana mutanenmu fiye da komai, domin an raine mu da cewa abin kunya ba a faɗinsa ko ga uwa.

Bari in fara da abin da ya fi sauƙi. Ba dole bane ki je wajen Fadan cocinku. Dokar Ikilisiya ta ba kowa dama ya zaɓi firist ɗin da yake so ya furta masa zunubi, ba sai na ikilisiyarsa ba, kuma babu laifi ko ɗan ƙanƙani a ciki. Kina Kaduna, ki hau mota ki shiga cikin gari ki je St. Joseph Cathedral ko wani coci da ba a san ki ba, ki tambayi ranar da suke zama. Ko ki jira, yanzu lokacin azumi ne, yawancin coci-coci suna shirya rana guda da Fadoji da yawa suke taruwa daga maƙwabta, kowa ya ɗauki kujera ya zauna a lungunsa, sai ki zaɓi baƙon fuska. Maganar Hausa kuma kar ta dame ki, a Kaduna Fadojin da suke jin Hausa sun fi waɗanda ba sa ji, ki durƙusa kawai ki ce Fada da Hausa zan yi.

Yadda ake yi bai canza ba tun kina yarinya. Ki yi alamar gicciye, ki ce Fada ka sa min albarka gama na yi zunubi, shekara 12 ke nan rabona da furta zunubi. Idan daga nan bakinki ya mutu, ki ce masa na manta yadda ake yi ka taimake ni, shi zai ja ki a hankali. Shawarata ki fara da babban, wanda yake danne miki ƙirji, kar ki tsaya kewaye-kewaye da ƙananan kina cewa na yi fushi na yi gulma, domin idan kika bar shi ƙarshe zuciya za ta ce miki bar shi sai wani karo. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kuma ba labari ake so ki bayar ba, ba sai kin faɗi sunan kowa ko unguwa ba, ki faɗi abin da sunansa da kuma kaman sau nawa, shi ke nan. Abin da kika manta da gaske an gafarta shi tare da sauran, wanda mutum ya ɓoye da gangan ne yake ɓata konfesho.

Game da asiri kuwa, ki kwantar da hankalinki. Firist ba shi da izinin faɗin abin da ya ji a wurin ga kowa, ko Bishop, ko ɗan sanda, ko mijinki, ko bayan kin mutu. Wanda ya tona, a take ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya, sai Roma ce kaɗai za ta iya kwance shi. Ko ke kanki ba zai tare ki a waje ya tayar miki da maganar ba. A duk shekarun da na yi ina hawa bayan babur da Fadoji, muna kwana ɗaki ɗaya a ƙauye, ban taɓa jin ko ɗaya ya yi suɓutar baki ba.

Bulus_Kakuri ya rubuta:

Anti na fahimce ki sosai domin ni ma na yi shekara 7. Amma bari in faɗi gaskiya kar a ce duk Fadoji ɗaya ne, ni abin da ya kore ni tun farko faɗa ne. Ina saurayi na je wajen wani Fada, ba zan faɗi ko a ina bane, na faɗi abin da na yi sai ya ɗaga murya yana cewa kai ba ka jin kunya, har na tabbata waɗanda suke layi a bayana sun ji, na fito ina ji kaman ƙasa ta tsage in shige. Daga ranan na ce ni da wurin nan har abada. Kuma bayan haka rayuwata ba gyaruwa ta yi ba, ƙara lalacewa ta yi, shaye-shaye da sauransu, domin na riga na sa a raina cewa tunda an ƙi ni to bari in tafi gaba ɗaya.

Abin da ya dawo da ni hatsari ne a hanyar Kachia, ina kwance a asibiti wani tsohon Fada ya zo zagayen marasa lafiya ya tambaye ni ko ina so, na ce masa Fada nawa sun yi yawa ba za su faɗu ba yau, ya ja kujera ya zauna ya ce shi ba inda za shi. Na yi kusan minti arba'in ina magana ina kuka, mutumin nan bai katse ni ba ko sau ɗaya, da na gama abin da ya fara cewa shine sannu da dawowa. Ni da nake jiran ya ce in yi azumin wata guda sai ya ce in karanta Luka sura 15 a hankali in yi Ubanmu guda ɗaya. Na ce Fada shi ke nan? Ya ce shi ke nan.

Don haka idan kika yi rashin sa'a kika haɗu da mai zafi, kar ki yi irin nawa, ki nemi wani. Amma ni a ganina wanda ya ji an ce shekara 12 murna zai yi.

Ishaya_ECWA ya rubuta:

Ku gafarce ni da shigowa, ni ba ɗan Katolika bane, kuma ba gardama na zo yi ba. Tausayin 'yar'uwar nan ne ya kama ni. Abin da ban gane ba shine me zai sa ta ɗauki wannan kaya shekara 12 alhali 1 Yohanna 1:9 ta ce idan mun furta zunubanmu shi mai aminci ne zai gafarta mana? Me zai hana ta rufe ƙofar ɗakinta yau da dare ta gaya wa Yesu kai tsaye? Fada ai mutum ne kamar mu, shi ma mai zunubi ne. Ina tambaya ne da zuciya ɗaya.

Maman_Rifkatu ta rubuta:

Ɗan'uwa Ishaya na gode, ban ji haushi ba. Na yi hakan, ba sau ɗaya ba ba sau ɗari ba, na yi kuka a ɗaki na roƙi gafara har na gaji. Amma da gari ya waye sai in ji abin yana nan, domin ni kaɗai nake magana ni kaɗai nake ba kaina amsa, ban san ko an gafarta min bane ko ni ce nake lallashin kaina.

Tsohon_Ɗan_Seminari ya rubuta:

Malam Ishaya tambayarka mai kyau ce, kuma amsar da Maman Rifkatu ta ba ka ta fi duk wadda zan bayar. Zan ƙara kaɗan ne daga abin da aka koya mana a Jos kafin in bar seminari.

Mu ma mun yarda Allah ne kaɗai yake gafarta zunubi, Fada ba da ikon kansa yake yi ba. Inda muka dogara shine Yohanna 20:22-23, ranar da Yesu ya tashi daga matattu ya hura wa almajirai numfashi ya ce su karɓi Ruhu Mai Tsarki, wanda suka gafarta wa zunubansa an gafarta masa, wanda suka riƙe an riƙe. To yaya za su san na gafartawa da na riƙewa idan ba a faɗa musu ba? Ga kuma Yakubu 5:16 da ta ce mu furta wa juna zunubanmu. Kuma eh Fada mai zunubi ne, shi ya sa shi ma yake durƙusa a gaban wani Fada. A watan Maris na 2014 duniya ta ga Fafaroma Francis a cocin St. Peter a Roma, ana kai shi inda zai zauna ya saurari mutane, sai ya ratse ya je ya durƙusa a gaban wani firist ya yi nasa tukuna a idon jama'a. Shi ne kuma ya rubuta wa firistoci a 2013 cewa kada wurin konfesho ya zama ɗakin azabtarwa, don haka Fadan da ya yi wa Bulus tsawa shi ya yi kuskure, ba haka Ikilisiya ta ce a yi ba.

Wani abin da yake ba ni mamaki shine yadda muke yi yanzu sauƙi ne aka yi mana. A ƙarnukan farko mai babban zunubi a fili yake tubansa, ya daɗe a ware ba ya karɓan komuniyon, wani lokaci shekaru, kuma sau ɗaya ake ba mutum wannan dama a rayuwarsa. Sufaye 'yan ƙasar Ailan ne suka yaɗa yin sa a asirce tsakanin mutum da firist, kuma a maimaita, wajen ƙarni na 7. Dokar a je aƙalla sau ɗaya a shekara ta fito ne a babban taron Ikilisiya na Lateran na huɗu a 1215. Ɗan akwatin nan mai raga a tsakani da ake yin konfesho a ciki kuwa daga baya ya zo, a ƙarni na 16, Bishop Charles Borromeo na Milan ya yaɗa shi. Kuma har yau haƙƙinki ne Anti ki nemi a yi da shamaki a tsakani idan ba kya son ido da ido.

Maganar za a tura ki wajen Bishop, abubuwan da Fada ba zai iya kwancewa da kansa ba 'yan kaɗan ne ƙwarai kuma yawancinsu ba su shafi irinmu ba. Ban san naki ba kuma ba na tambaya, amma domin duk wadda take karantawa a ɓoye, ko zubar da ciki ne, tun watan Nuwamba 2016 Fafaroma Francis ya ba kowane firist a duniya izinin kwance shi. Na faɗa ne domin na san mata da yawa suna zaune a bayan coci shekara da shekaru suna zaton tasu ta ƙare.

Kaka_Saratu ta rubuta:

Ƙanwata bari in gaya miki nawa tunda ni na riga na faɗa a gaban waɗanda na cuta, ba sauran asiri.

Ni ce nake riƙe kuɗin adashin wata ƙungiyarmu ta mata a da. Ɗana ya kwanta rashin lafiya na taɓa kuɗin da niyyar zan mayar, ban mayar ba, da aka zo lissafi na ce ɓarayi ne suka shiga. Aka yarda da ni domin ba wanda zai zaci haka daga gare ni, har wasu suka zo yi min jaje, mafi muni kuma aka riƙa zargin wata yarinya da take taya ni aiki a gida ni kuma na yi shiru. Shekara huɗu ina ɗauke da wannan. In ana waƙa ina waƙa amma cikina kaman an zuba garwashi.

Ranar da na je, ƙafafuna rawa suke yi, sau biyu ina barin layi in koma baya. Da na faɗa Fada bai yi min tsawa ba amma kuma bai shafa min mai a baki ba. Ya ce Mama Allah ya gafarta miki yau, amma kuɗin mutane sai kin mayar ko da kaɗan-kaɗan ne, kuma sunan yarinyar nan da ya ɓaci sai kin nemi hanyar wanke shi. Bai ce dole in tona kaina a gaban taro ba, ya ce in yi tunanin hanyar da zan bi. Ni ce da kaina daga baya na ga ba zan iya wanke yarinyar ba sai na faɗi gaskiya, na kira shugabanninmu uku na gaya musu, na je gidan iyayenta na durƙusa. Ya yi ɗaci ƙanwata, wasu har yau gaisuwarmu sama-sama ce. Wata goma sha huɗu na yi ina biya daga kuɗin ƙosai.

Ina gaya miki ne domin kar ki tafi da zaton wanka ne kawai a fito, idan akwai haƙƙin wani a ciki za a ce ki gyara iya ƙarfinki. Amma daren ranar da na furta na yi barcin da na manta akwai irinsa, tun kafin in biya ko sisi. Jin kalmar nan da kunnenki, wani ya ɗaga hannu a kanki ya ce na kwance ki daga zunubanki cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, ba daidai yake da ki faɗa wa kanki ba.

Ki je ran Asabar ɗin nan, kar ki ce sai kin shirya. Ki rubuta a 'yar takarda in kina tsoron mantuwa, in kin fito ki ƙona.

Ishaya_ECWA ya rubuta:

Na gode da bayani. Ban canza fahimtata a kan ayoyin ba, amma na ji abin da 'yar'uwa ta ce game da yin magana ita kaɗai, kuma ba ni da amsarsa. Zan sa ki a addu'a Maman Rifkatu.

Maman_Rifkatu ta rubuta:

'Yan'uwa na dawo in gaya muku, na je.

Ban je ran Asabar ɗin ba Kaka, ki yafe min, na shirya har na ɗaura ɗankwali sai na zauna a bakin gado har lokaci ya wuce. Ran Laraba ne aka yi taron tuba a wani coci da ke gaba da namu, Fadoji sun kai takwas, wasu a ciki wasu a ƙarƙashin bishiyar mangwaro a kan kujerun roba. Na zaɓi wani dattijo da ban taɓa gani ba. Mutum biyar ne a gabana kuma ina ta addu'a layin kar ya yi sauri, takardar da na rubuta har ta jiƙe da zufa a hannuna.

Na yi yadda Baba Katikis ya ce. Na ce Fada da Hausa zan yi, ya ce to 'yata ina jin ki. Na ce shekara 12, ya ce mun gode wa Allah da ya kawo ki. Sai na faɗi babban da farko, jimla ɗaya ce kawai ashe, abin da na ɗauka shekara 12 bai kai minti ɗaya a baki ba. Na jira ya yi wani motsi ko ya ja numfashi, bai yi ba, ya yi min tambaya ɗaya a hankali na amsa, ya bar ni na yi kukana. Addu'ar tuba ta ɓace min a tsakiya, shi ya riƙa faɗa ina bi kaman 'yar katikisma. Ya ce in karanta Zabura 51, kuma akwai wani abu da ya ce in yi wanda zai ɗauke ni lokaci, kaman yadda Kaka Saratu ta faɗa, wannan yana gabana kuma ina jin nauyinsa.

Da na tashi ƙafafuna ba ƙarfi, na shiga cikin cocin na zauna a benci na baya har aka fara kashe fitilu.

Jiya Lahadi na shiga layin komuniyon. Fadan cocinmu ne yake bayarwa, ya miƙo min kaman yadda yake miƙa wa kowa. Rifkatu tana zaune da 'yan ajinsu a gaba, da na juyo na ga ta miƙe tsaye tana leƙo ni. Nasu ran Asabar mai zuwa ne, ta ce in raka ta in tsaya a inda za ta riƙa hango ni daga layi.